Yadda Na Zana Rufin Kano da Siminti, Garin Ƙarfe da Kwalta

Kafin a zo maganar launi, lissafin nauyi ake fara yi. Kwaɓin siminti da yashi, idan aka shimfiɗa shi a murabba'in mita 1 da kaurin santimita 1, yana kaiwa wajen kilo 20. Allon da na yi niyyar aiki a kansa tsawonsa santimita 180 ne, faɗinsa 120, wato ya ɗan haura murabba'in mita 2. Da zan cika shi da wannan kauri, kwaɓin kaɗai sai ya wuce kilo 40, ya doshi buhun siminti guda ke nan, ban da katako da ƙarfe. Babu mai hankalin da zai rataya buhun siminti a saman kujerar da 'ya'yansa suke zama. Saboda haka tun a takarda na yanke cewa yawancin filin ba zai wuce milimita 3 ba, sai wasu 'yan wurare da zan bari su tashi su kai santimita 1, domin su jefa inuwa.

Abin da nake son zanawa shi ne birnin Kano yadda yake bayyana ga wanda ya hau Dutsen Dala ya dubi ƙasa. Rufin kwano ne da tsatsa ta ci, jajaye da masu ruwan ƙasa, manne da juna har iyakar ganinka, sabon kwano yana ƙyalli jefi-jefi, baƙaƙen tituna sun ratsa ta tsakiya, ƙura kuma ta lulluɓe komai. Ba hoton gari nake nema ba, wanda za a nuna da yatsa a ce ga gidan wane, ga masallacin unguwa kaza. Jikin abin nake so. Fenti yana iya kwaikwayon launin tsatsa sarai, amma da mutum ya matso kusa zai gane fenti ne. Tun da birnin da siminti da ƙarfe da kwalta aka yi shi, ban ga dalilin da zan je in aro wani abu in kwaikwaye su ba. Dalar ma kanta, masu narka tama ne suka zauna a gindinta tun wajen ƙarni na 7, ƙarfe ba baƙo ba ne a wurin.

Akwai kuma dalilin aljihu, ba zan ɓoye ba. Tun da aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023, kayan zane na waje suka fi ƙarfin irinmu masu tasowa. Kwaɓin nan na musamman da ake shigo da shi don tayar da fuskar zane, robar da zan iya saya ba za ta rufe kwata ɗin allona ba. Siminti kuwa ko mudu ɗaya kake so za a auna maka a bakin titi. Sai dai araha ba ta ado. Abin da ka rage a kuɗi, a lokaci da gwaje-gwaje za ka biya shi.

Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba, kuma ina jin haushin masu tasowa da suke magana kamar su suka fara. Alberto Burri likitan soja ne ɗan Italiya, aka kama shi a Tunisiya a 1943 aka kai shi sansanin fursunonin yaƙi a Texas ta Amurka, a can ya soma zane. Da ya koma gida sai ya kama aiki da kwalta da tsofaffin buhunan algarara, daga baya har da ƙonanniyar roba. Antoni Tàpies na Barcelona, tun tsakiyar shekarun 1950 ya riƙa haɗa garin dutsen marmara da yashi yana yin zanen da ya fi kama da tsohon bango. Nan kusa da mu ga El Anatsui, mutumin Ghana da ya koyar a Nsukka tun daga 1975, yana ɗinke murafan kwalabe da wayar tagulla. Ga Ibrahim Mahama ɗan Tamale, wanda a 2015 ya lulluɓe dogayen bango a baje kolin Venice da buhunan da suka gama ɗaukar koko suka koma ɗaukar gawayi. Na kalli ayyukansu sosai. Amma kallon hoto ba ya gaya maka yawan ruwan da za ka zuba a kwaɓi, ko dalilin da ya sa ƙarfenka ya ƙi yin tsatsa. Wannan ilimin a hannun magina da masu walda na same shi.

Allon filawud ne mai kaurin milimita 9, daga 'Yan Katako ta Na'ibawa. Yadin zane ba ya ɗaukar siminti, yana motsi, siminti kuwa ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Kafinta ya ɗaura mini firam a bayansa, da katako uku a gicciye. Na shafe shi da fenti gaba da baya da gefuna, domin katakon da ya sha ruwa ta fuska ɗaya kawai dole ya bankare. Daga nan na shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji, mai ƙananan ido, na bi ta da ƙananan ƙusoshi kusa-kusa. Ita ce abin da kwaɓin zai kama. Ragar taga ta alminiyam ba ta yi, ɗanyen siminti yana cin alminiyam.

Garin ƙarfe ne ya kai ni Ƙofar Ruwa. Na je da tsohon maganaɗisun lasifika da na sa a cikin leda, da gwangwanin madara. A rumfar wani mai walda da ke yanka rodi na durƙusa, na riƙa jan maganaɗisun a ƙasa inda tartsatsin injin yake zuba. Garin yana tashi ya manne a jikin ledar, ya yi tsaye cako-cako, in ka zare maganaɗisun daga ciki sai ya zube a gwangwani tsaf, ya bar yashi da ɓurɓushin dutsen injin a ƙasa.

"Malam, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?" in ji mai rumfar.

"Oga, shararka nake so, in ba za ka yi amfani da ita ba."

Ya yi dariya, ya tambayi ko magani zan haɗa. Da na nuna masa hoton ƙananan gwaje-gwajena a waya, sai ya bar dariyar ya shiga gyara mini. Ya ce garin injin yanka rabinsa ya riga ya ƙone, ba zai ba da ja sosai ba, in je wurin masu gyaran ƙarfe a injin juyi da masu goga da zarto, nasu ɗanye ne. Ya ce amma na wanke shi da omo, don da mai suke aiki. Ya ƙara da cewa duk garin da ya fito daga ƙarfen nan mai ƙyalli da ake ƙofofin zamani da shi, in zubar, ko shekara zai yi a ruwa ba ya tsatsa. Duk abin da ya faɗa haka ya fito. Na ƙare da gari iri biyu, baƙi-baƙin da ke ba da ruwan ƙasa mai duhu, da mai ruwan toka da ke ba da ja.

Kwaɓin kuma wani dattijon magini ne a unguwarmu ya tsaya a kaina. Ma'aunin da muka tsaya a kai shi ne siminti 1, yashi 2, yashin kuma mai laushi da aka tankaɗe aka wanke, domin yashi mai ƙasa-ƙasa yana raunana kwaɓi. Ruwan kwaɓawar ba ruwa zalla ba ne, na dama farin gam ɗin kafinta a ciki, kashi 1 na gam a kashi 3 na ruwa, saboda siririyar shimfiɗa irin wannan ba ta da kaurin da za ta riƙe kanta. Gam ɗin yana da aibinsa, in ya jiƙe bayan ya bushe yana sake yin laushi, amma zanen ɗaka ne ba na waje ba. Kaurin da ake nema shi ne na ƙullun ƙosai, wanda in ka ɗebo a cokalin gini ka karkata zai ɗan tsaya kafin ya zame.

Na so in zuba garin katako a ciki don rage nauyi. Dattijon ya girgiza kai.

"Yaro, siminti ba ya shiri da abu mai zaƙi. Ɗanyen katako yana da zaƙi a jikinsa, zai hana shi kamawa."

"Baba, ko kaɗan?"

"Gwada a ɗan falanki ka gani, ai ba faɗa ba ne."

Na gwada a ɗan falanki. Washegari na sa farce ya shige, bayan kwana biyu ma yana marmashewa. Maganar tasa tana cikin littattafan injiniyoyi, sukarin da ke cikin itace yana jinkirta kamawar siminti, shi ya sa masu haɗa su suke fara jiƙa garin katakon su wanke. Ni dai na raba su. Inda nake son tudu mara nauyi, na kwaɓa garin katako da gam kaɗai, na bar shi ya bushe ƙarau, sannan na bi kansa da siminti siriri.

Muna cikin wannan ne ya kawo zancen laso, kuma zancen ya daɗe a raina fiye da komai a aikin. Kafin siminti, da laso ake shafe cikin rijiyar marina da saman soro don kada ruwa ya ratsa. Abin da ake haɗawa uku ne: katsi, wato laƙar da take kwanciya a gindin karofi bayan an gama rini, a busar a ƙona, gashin jima, wanda majema suke kankarowa daga fata, sai ruwan dafara mai yauƙi. Biyu daga cikin ukun sharar masana'anta ce, ta marina irin na Ƙofar Mata da ta majema. Makuba ma da ake shafe bango da ita daga ɓawon ɗorawa take. Maginan da suka yi wa gidajen Zariya da Kano zanen bango mai tudu da kwari, dagi da sauransu, da irin waɗannan kaya suka yi aiki. Shi ya sa idan wani ya tsaya gaban aikina ya ce wannan ai salon Turawa ne, nakan tambaye shi ko ya taɓa ɗaga kai ya dubi fuskar tsohon zaure.

Shimfiɗar kanta a rana ɗaya ake yin ta, kuma ba a tsayawa amsa waya. Kwaɓin yana ba ka abin da bai kai awa ɗaya ba kafin ya fara ƙin cokali. Na kwantar da allon a ƙasa, na jiƙa shi da ruwan gam, na fara daga sama ina danna kwaɓin cikin raga. Don fitar da tudun kwano na yanko guntun tsohon kwanon rufi, na riƙa jan bakinsa a kan ɗanyen kwaɓin, kowane fili da tasa fuskar, wani a tsaye, wani a kwance, wani a karkace, yadda rufin cikin gari yake, ba wanda ya yi shawara da maƙwabcinsa. Wasu wuraren na danna algarara na ɗaga, ta bar sawun saƙarta. Tituna da lunguna kuwa da bakin rodi na tone su, har raga ta leƙo a wasu wuraren, na kuma bar ta a haka. Wannan awar ita ce zanen. Duk abin da ya biyo baya launi ne da jira.

Lokacin hunturu ne, kuma hunturu maƙiyin siminti ne. Mutane suna cewa siminti ya bushe, alhali ba bushewa yake yi ba, shan ruwa yake yi ya haɗe da shi ya zama dutse. In iska ta kwashe ruwan kafin ya gama sha, sai ya yi fari, ya yi gari, ya tsattsage. A Kano tsakanin Janairu da Maris danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, shimfiɗa mai milimita 3 kuwa ba ta da inda za ta ɓoye ruwa. Yadda masu bulo suke ban ruwa haka na yi, sai dai da ɗan abin fesa ruwa na masu aski, safe da yamma, sannan na rufe da leda na danne gefuna da duwatsu, har mako guda. A kusurwa ɗaya ta sama da gangan na buɗe ledar tun ranar farko, na bar wa iska. Wurin ya yi ƙananan tsagu masu kyau, irin na tsohon filasta, kuma raga ta riƙe shi bai zubo ba.

Daga nan sai jira. Ƙa'idar injiniyoyi kwana 28 ce kafin siminti ya kai ƙarfinsa, kuma a wannan tsakanin kaifinsa yana nan, kaifi irin na ruwan toka amma ya fi shi nesa ba kusa ba. Shi ne yake cinye tafin hannun leburori, shi ne kuma yake narkar da fentin mai ya mayar da shi sabulu-sabulu. Farin gishiri ya fito a wasu wurare, na goge da busasshen buroshi. Da wa'adin ya cika na shafe fuskar gaba ɗaya da ruwan akirilik mara launi, wato ruwan roba irin na fenti, sau biyu, sannan na wanke ta da launi siriri ƙwarai, jar ƙasa da na tankaɗe na dama a ruwan gam, don ta shiga ramuka ta kashe ruwan tokar simintin.

Wannan shafin na tsakani shi ne ginshiƙin aikin, ga kuma dalili. A ƙananan gwaje-gwajena akwai falankin da na zuba garin ƙarfe a cikin kwaɓin siminti kai tsaye, ina sa ran zai tsatso daga ciki. Falankin yana nan har yau, ko ɗigon ja babu. Kaifin siminti yana yi wa ƙarfe sulke, shi ya sa rodi yake shekaru a cikin kankare bai ruɓe ba, sai in ruwa da iska sun samu hanya. Ga shi kuma abin da ake tayar da tsatsa da shi ruwan khal ne, mai tsami, tsami kuwa yana cin siminti. Abu biyu ke nan da ba sa ga-maciji, kuma ana so su zauna a allo ɗaya. Dole a sa shamaki, ƙarfe ya zauna a sama, siminti a ƙasa.

Yadda nake sa ƙarfen shi ne in shafa gam a filin da nake so, in zuba garin a rariyar shayi, in riƙa buga gefenta da yatsa yana sauka. Inda nake son tsohon kwano sai in cika, inda nake son wanda bai daɗe ba sai in yayyafa a cikin kwarin tudun kawai, don a nan ruwa yake kwanciya a rufin gaske, a nan kuma tsatsa take farawa. Kada gam ya rufe garin, in ya rufe shi iska ba za ta same shi ba. Bayan ya bushe sai a karkata allon a kaɗe abin da bai kama ba, a tattara da maganaɗisu.

Ruwan tayar da tsatsa abu uku ne, ruwan khal, ɗan gishiri, da ruwan haidirojin na wanke ciwo da ake samu a kemis. Na fara fesa khal, na bar shi ya ɗan sha, sannan na bi da haidirojin mai gishiri. A nan ne aikin yake biyan mutum wahalarsa. Wurin ya yi ƙananan kumfa, ana jin ɗan sautinsa in aka kasa kunne, ƙamshin ƙarfe ya tashi, cikin 'yan mintoci baƙin gari ya soma komawa ruwan lemo tun daga gefe zuwa tsakiya. Ruwan da ya gangaro ta cikin kwarin tudun ya ja jan layi a kan farin siminti, irin wanda ake gani a bangon da indararo yake zuba a kai. Babu buroshin da zai yi wannan layin.

Launin da za ka samu ya danganta da saurin bushewa. In wurin ya bushe da wuri, tsatsar takan fito da haske, ruwan lemo zuwa ruwan goro. In ka rufe da leda ta kwana da danshi, sai ta yi duhu, ta koma ruwan ƙasa har ta doshi baƙi. Da wannan bambancin kaɗai na samu launuka da dama ba tare da na buɗe gwangwanin fenti ba, fili-fili nake bi, wannan a buɗe, wancan a rufe, wani in maimaita masa, wani sau ɗaya ya ishe shi. Iyakar ikona ke nan. Ina zaɓar wuri da yawan gari da tsawon danshi, ragowar ba a hannuna yake ba, kuma filayen da suka fi burge mutane ba su ne waɗanda na fi tsarawa ba.

Gishirin ne abin tsoro. Yana saurin tayar da tsatsa, amma ba ya tafiya, yana nan kwance a jikin allon, da damina ta zo zai jawo danshi daga iska aikin ya ci gaba da ci a bangon mai shi. Don haka kaɗan nake sawa, in launi ya kai inda nake so kuma in fesa ruwa zalla in tsane da tsumma, sau da yawa, sannan in bar allon ya bushe sosai.

Sai rufewa, inda ra'ayin masu wannan aiki ya rabu. Ɗanyar tsatsa ta fi kyau, tana da wani laushi a ido da ba a samu a komai. Amma tana zuba, tana ɓata hannu da tufafi. Duk abin da ka shafa mata kuma zai rage haskenta ya sa ta yi duhu. Wasu suna barin ta haka su ce zubar ma cikin aikin take. Ni ban yarda ba, wanda ya ba da kuɗinsa bai sayi aikin shara ba. Na fesa akirilik mara ƙyalli, an sirka shi da ruwa sosai, daga nesa, sau uku, maimakon shafi ɗaya mai kauri. Na kuma riga na tsayar da tsatsar tana da haske fiye da yadda nake so, don na san za ta sauka. Gwajin ƙarshe farin ƙyalle ne, a goga, in ya fito fari an gama.

Kwalta ce ta zo ƙarshe, kuma dole ta zo ƙarshe. Guntu na samu wurin masu liƙe rufin kwano. Su a wuta suke narka ta, ni kuwa ban kai ta wuta ba, hayaƙinta guba ne kuma tana kamawa. Na farfasa ta a gwangwani, na zuba kananzir, na rufe na ajiye a inuwa ina juyawa har ta narke. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kwalta ba baƙa ba ce. In ta yi siriri, ruwan ƙasa ce mai zurfi da ɗumi, haske yana ratsa ta. Sai an tara ta take zama baƙa. Matsalarta ita ce ba ta bushewa har abada, sanyi ne yake sandarar da ita, zafi ya sake ta. Masu zane a Ingila a ƙarni na 18 da na 19 sun so launinta suka yi ta amfani da ita, yau ga zanensu nan a gidajen tarihi, wuraren duhun sun yamutse sun tsattsage. Su ke nan da suke ƙasar sanyi. A Kano da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, kwalta mai kauri a kan allon da ke tsaye gangarowa za ta yi. Saboda haka a cikin ramukan tituna kaɗai na sa ta, inda akwai gaɓa ta riƙe ta, siririya, na kuma barbaɗa mata yashi mai laushi tun tana ɗanya, yadda masu aikin titi suke yi. Ba a shafa komai a kanta. Fentin ruwa ba ya kama ta, farin fenti kuma ko ya kama sai ta huda shi ta fito rawaya.

Duk aikin a tsakar gida na yi shi, ƙarƙashin rumfa, da safar hannu ta roba da takunkumi. Ƙurar siminti da yashi in ta shiga huhu ba ta fita. Baƙin mai na mota kuwa, wanda wasu abokaina suke zubawa don samun baƙi, ban kusance shi ba, ba ya bushewa kuma warinsa ba ya barin ɗaki.

Da aka ɗora allon a sikeli ya tashi kilo 31. Mutum biyu suna ɗauka ba wahala. Ɗaukar hotonsa ce ta fi ba ni aiki, domin a waya duk tudu da kwarin nan mutuwa suke yi, ya koma kamar tabon datti. Sai da na jingina shi a bakin zaure da sassafe, rana tana dukansa ta gefe, sannan inuwar tudun ta fito. Wannan hoton na sa a Instagram, da ɗan bidiyo ina bin fuskar da hannu.

Wata Hajiya ce ta saya, don falon baƙi. Abin da ya fara jan ta, in ji ta, babu hoton mai rai a ciki, ba wanda zai shigo ya yi mata wa'azi. Amma da ta zo gani ido da ido tambayoyinta na mai gida ne.

"Ɗana, wannan ba zai zubo mini a kan kafet ba?"

Na miƙa mata farin ƙyalle na ce, "Hajiya, goga da kanki."

Ta goga, ta duba, ta sake gogawa a wani wurin da ta zaɓa. Sannan ta kai hanci kusa da layin kwaltar. Warin kananzir ya riga ya tafi, don allon ya sha iska makonni kafin in nuna shi.

A 'yar kurkura muka kai shi, a tsaye a kan gefensa, an tokare da katifa gaba da baya. In aka kwantar da shi, kowane rami a hanya zai lanƙwasa tsakiyarsa. Ban naɗe shi da leda ba saboda tana mannewa da kwalta, kafinta ya yi masa murfin kwali da ya tsaya nesa da fuskar. Ƙusa ɗaya ba ta riƙe irin wannan. Katako guda aka tsaga a tsaye da karkatar digiri 45, rabi aka ɗaure a bayan allon, rabi a bango da fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango ta riƙe sukuru, da dogayen sukurori guda shida, sai a ɗaga allon a sauke shi, rabin sama ya zauna cikin na ƙasa, nauyin ya bazu a faɗin bangon. Bulon gidan mai rami ne, sai da muka ƙwanƙwasa muka nemo inda yake da ciki.

Ta so a sa shi a bangon da yake kallon tagar yamma. Na roƙe ta a canza, rana za ta riƙa dukan kwaltar kullum da la'asar. Ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ma na hana, saboda ɗigon ruwa. Muka koma bangon arewa. A bayan allon na rubuta kayan da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya da shekarar da aka yi shi, da cewa ba a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, sai busasshen buroshi mai laushi, na kuma nuna wa yarinyar da ke share falon yadda za ta riƙa yi.